Tarkon kifin tuna a mashigin Jibraltar: gado ne har yanzu, ko kasuwa ce ta ari rigar gado?

Basarke_Yauri:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu sani su taimaka mini game da tsohuwar hanyar kamun babban kifin tuna da ake yi a gabar kudancin Sifaniya, wadda su suke kira almadraba, mutanen tsibirin Sisili na Italiya kuma suke kira tonnara. Abin da na fahimta shi ne ba a bin kifin da jirgi. Ana kafa taru ne a wuri ɗaya cikin teku, a danne shi da anga, a jira garken ya zo wucewa a kan hanyarsa ta shiga Bahar Rum. Masu sana'ar suna cewa ta kai shekara 3,000, kuma da wannan hujja suke neman a fifita su wajen rabon kason kifi, wato adadin da hukuma ke ba kowa izinin kamawa a shekara. To amma a yau masu nutso ne ke shiga ruwa su harbe kifin, a daskarar da shi, a sayar da shi da tsada ga Japan da manyan gidajen abinci. Ni ɗan masunta ne, kuma a ganina sana'ar da ta sauya hanyar kisa, ta sauya mai saye, ta bar waƙoƙinta, ba ta da hurumin ci gaba da kiran kanta gado. Wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Bakatsine_a_Kadis:
Wa alaikumus salam, Malam Basarke. Ina zaune a lardin Kadis, kuma a nan ne tarko huɗun da suka rage a wannan gabar suke, wato na Barbate, da Conil, da Zahara, da Tarifa. Kafin ka yanke hukunci, zai yi kyau ka san cewa ranar kisa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin, ko da yake ita masu ɗaukar hoto suka fi so. Tun watan Fabrairu ake soma aiki a bakin tasha. Idan ka bi ta tashar Barbate a lokacin, za ka ga manyan angogi ɗaruruwa an jera su, kowanne sai da injin ɗaga kaya ake motsa shi, ga igiyoyin ƙarfe an shimfiɗa su a ƙasa ana shafa musu mai, ga dattawa zaune a kan tulin taru suna ɗinke inda ya yage da hannu. Kusan wata biyu ake ɗauka kafin a gama dasa tarkon a cikin ruwa.

Tsarinsa kuwa shi ne akwai doguwar katangar taru da ke tasowa daga wajen gaba ta nufi cikin teku, wadda tsawonta yakan kai kilomita da dama. Kifin da ke bin gaba yana cin karo da ita, sai ya bi jikinta yana neman mafita, har ta kai shi bakin tarkon. Daga nan ɗakuna ne na taru, wannan yana buɗewa cikin wancan, kuma na ƙarshe, wanda suke kira copo, shi kaɗai ne yake da taru a ƙasansa. Ranar da shugaban masunta ya ga kifi ya taru kuma ruwa ya kwanta, jirage kan kewaye wannan ɗakin, a riƙa jawo ƙasan tarun sama har kifin ya taso. Sanin inda za a dasa kowace anga, da yadda gudun ruwa ke juyawa a wannan wurin, da ranar da iskar gabas ba za ta bari a fita ba, duk ba a jami'a ake koyonsu ba, a wurin uba da kawu ake gadonsu.

Malam_Tarihi:
Ina da gyara ga ɓangarorin biyu a kan maganar shekara 3,000. Gaskiya ne Finikiyawa sun kafa birnin Kadis, kuma tsofaffin kuɗaɗen birnin suna ɗauke da hoton kifin tuna. Gaskiya ne kuma a kangon garin Rumawa na Baelo Claudia, kusa da Tarifa, har yau ana ganin ramukan dutse da ake jiƙa kifi da gishiri a cikinsu. Saboda haka kamun tuna a wannan mashigi tsoho ne ƙwarai. Amma tarkon da ake kafawa a bari a cikin ruwa ba shi ne aka fi amfani da shi a Andalus a da ba. Tsawon ƙarnoni, mai gadi ne ke hawa hasumiya a bakin teku, idan ya hango garke sai ya ba da alama, jirage su fita su kewaye kifin da taru, sannan ɗaruruwan mutane su ja shi zuwa kan yashi. Gidan sarautar Medina Sidonia ne ke da ikon wannan kamu shi kaɗai har zuwa farkon ƙarni na 19, kuma bayan haka ne kafaffen tarko irin na mutanen Sisili ya mamaye gabar. Ke nan abin da Malam Basarke yake kira gado na asali shi ma sauyi ne da aka taɓa yi, kuma akwai masuntan wancan zamani da suka ƙi shi domin ya rage yawan hannun da ake buƙata.

Dan_Baga:
Ni tambayata ta fi karkata ga kifin. A tafkin Chadi mun ga abin da dumba ta jawo, wato idan aka jera gura aka datse hanyar da kifi ke bi, na ƙasa ba sa samun komai, kuma rigingimu da yawa daga nan suka taso. Ta yaya za a tare kifin da ke kan hanyarsa ta zuwa zuba ƙwai, a kama shi da ƙwai a ciki, sannan a ce wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga teku?

Malama_Damagaram:
Tambayar Dan_Baga tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin faɗin wurin. Mashigin Jibraltar, ko a inda ya fi ƙunci, ya kai kimanin kilomita 14, ga zurfi, tarkon kuwa a gefe yake kusa da gaba, saboda haka ɗan abin da ya raɓi gaba kawai yake tarewa, mafi yawan garken yana wucewa ta tsakiya. Idon tarun ma yana da faɗi, ƙananan kifaye suna ficewa, kuma abin da ake kamawa galibi manya ne masu nauyin kilo 150 zuwa 200 ko fiye, waɗanda suka riga suka hayayyafa shekaru da dama. Idan kason tarko ya cika, ana iya buɗe ƙofa a saki sauran da ransu.

Abin da ya kusa ƙarar da wannan kifin wani abu ne daban. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka soma kiwon tuna a keji a Bahar Rum, sai manyan jirage suka riƙa bin garken har wurin da yake zuba ƙwai, kamar kewayen tsibiran Baleyar, da taimakon jiragen sama masu hango musu, su kewaye shi da taru su tsuke ƙasan, su ja shi da rai zuwa keji. Hukumar ICCAT mai kula da tuna na Atilantika, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1966 kuma hedikwatarta ke Madrid, ta ƙayyade tan 29,500 a 2007, amma masananta sun ƙiyasta cewa abin da aka kama a zahiri ya kai kimanin ninki biyu na hakan. A 2010 ƙasar Monako ta nemi a hana cinikin kifin tsakanin ƙasashe a taron CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Doha, ba ta yi nasara ba, sai dai matsin lambar ya sa aka rage kason har zuwa tan 12,900 a 2011, aka tsaurara sa ido, aka riƙe dokar hana kama wanda bai kai kilo 30 ba. Kifin ya farfaɗo, har kason ya kai tan 40,570 a shekara daga 2023 zuwa 2025. Abin da ke ci wa masu tarko rai shi ne an rage musu kaso tare da kowa a lokacin wahala, alhali ba su ne suka yi ɓarnar ba.

Sadauki_77:
Duk wannan bayani yana da kyau, amma kada mu yaudari kanmu. Kifi ɗaya an sayar da shi yen miliyan 333 a Tokyo. Wanda ke kama irin wannan kifin attajiri ne, ba ya buƙatar a tausaya masa da sunan al'ada.

Malama_Damagaram:
Wancan kifin da aka sayar yen miliyan 333.6 a gwanjon farkon shekarar 2019 a kasuwar Toyosu ba daga mashigin Jibraltar ya fito ba. Ɗan uwansa ne na tekun Fasifik, an kama shi a arewacin Japan, kuma farashin gwanjon sabuwar shekara talla ce da mai gidajen abinci ke saye wa kansa, ba shi ne farashin kasuwa ba. Masu kamfanin tarko suna samun riba, wannan ba a musu, amma ma'aikacin da ke jan taru aikin watanni ne kawai yake da shi a shekara, a lardin da ke cikin waɗanda rashin aikin yi ya fi yi wa katutu a Sifaniya.

YarKano_a_Palermo:
Ina so in ba Malam Basarke labarin ɗaya fuskar, wato inda aka riƙe waƙa da tarihi amma tarun ya fita daga ruwa. A tsibirin Favignana, yamma da Sisili, an yi tonnara mafi suna a Italiya. Iyalin Florio sun sayi tsibirin da maƙwabtansa a 1874, suka gina babbar masana'antar sa tuna a gwangwani da man zaitun, kuma kusan kowane gida a tsibirin daga nan yake ci. Shugaban masunta ana ce masa rais, kamar yadda Larabawa ke faɗa, kuma shi ne ke tsayawa a ƙaramin kwalekwale a tsakiyar ɗakin ƙarshe, wanda suke kira ɗakin mutuwa, yana ba da umarni. Masu jan taru suna da waƙoƙin aiki da ake kira cialoma, mutum ɗaya yana bayarwa saura suna amsawa, domin hannuwa su ja a tare. Idan kifi ya taso sai a sa ƙugiyoyi a jawo shi cikin jirgi, ruwan ya koma ja. Wannan ita ce mattanza, kuma ta ƙarshe a Favignana an yi ta ne a 2007.

Na shiga masana'antar, wadda yanzu gidan tarihi ce. Dogayen baƙaƙen jiragen suna nan a ƙarƙashin rumfunan dutse, manyan tukwanen dafa kifi suna nan a jere, gwangwanaye tuli guda, kuma a wani ɗaki mai duhu ana nuna hotunan tsofaffin ma'aikata suna ba da labari. Wanda ya zagaya da mu dattijo ne da ya yi aiki a wurin, ya rera mana waƙar jan taru da murya mai kyau, masu yawon buɗe ido suka tafa masa. Na tambaye shi ko akwai matashi a tsibirin da zai iya dasa tarkon daga farko har ƙarshe, sai ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da bayanin tukwane. An yi yunƙurin mayar da tarun ruwa a 2019, amma kason da gwamnati ta ware musu bai isa ya biya kuɗin aikin ba, aka fasa. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin Barbate mai masu nutso da Favignana mai waƙa, ni dai na san inda nake ganin sana'ar tana numfashi.

Almajirin_Fiƙihu:
Game da sauya hanyar kisa da aka kawo a matsayin aibi, ina ganin mu Musulmi bai kamata mu yi kewar ƙugiya ba. Kifi halal ne ba tare da yanka ba, amma hadisin da ya umarci a kyautata kisa kuma a hutar da abin da za a kashe sananne ne ga duk wanda ya karanta Arba'una Hadisi. Mai nutso da ke sa wa kifi sanda mai harsashi a ka ya mutu nan take ya fi kusa da wannan umarni fiye da a bar dabba mai kilo 200 tana bugun jikin jirgi da ƙugiya a jikinta. Ba duk abin da kakanni suka yi ba ne ya zama dole a riƙe.

Bakatsine_a_Kadis:
Haka ne, Malam, sai dai a faɗi gaskiya ba tausayi ne ya kawo sauyin ba. Masu saye na Japan ne suka nuna cewa kifin da ya wahala kafin ya mutu namansa yana zafi ya dushe, darajarsa ta faɗi. Shi ya sa ake kashe shi da sauri, a zubar da jinin, a jefa shi cikin ruwan ƙanƙara, a daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Amma fiɗar kifin tana nan yadda take. Suna kiranta ronqueo, kuma na tsaya na kalli ana yi a kasuwa: mutum biyu da wuƙaƙe suka raba kifi guda cikin ɗan lokaci, kowane yanki da sunansa da girkinsa, na wuya daban, na ciki mai kitse daban, na baya wanda ake sa wa gishiri a shanya a iska ya zama mojama daban, har zuciya da ƙwai ba a zubarwa. Yanzu ma kaso mai yawa yana tsayawa a Sifaniya, domin garuruwan nan suna yin makon tuna a watan Mayu ko Yuni, gidajen abinci suna gasa, baƙi suna cika gari.

Basarke_Yauri:
Na gode, na ƙaru, musamman da bayanin Malam_Tarihi da na 'yar uwarmu ta Palermo. Na janye maganar kisa. Amma ban janye gaba ɗaya ba, domin na ji cewa a wasu wuraren ba a ma fitar da kifin, ana tura shi ne daga tarko zuwa keji a ciyar da shi har ya yi ƙiba. Idan haka ne, mene ne bambancin mai tarko da manyan jiragen da Malama ta ce su suka yi ɓarna? Duka biyun suna yi wa mai keji aiki ne.

YarKano_a_Palermo:
Abin da ka ji gaskiya ne, kuma misalinsa shi ne Carloforte a tsibirin San Pietro na Sardiniya. Garin yana da tarihi na musamman, domin waɗanda suka kafa shi a 1738 'yan asalin yankin Genoa ne da suka daɗe zaune a Tabarka ta Tunisiya, kuma har yau suna magana da harshensu. Tarkonsu yana aiki, suna kuma yin bikin Girotonno kowace shekara, amma an sha jan kifin da rai a cikin keji zuwa gonakin kiwo na Malta, kuma mutanen gari da yawa suna ƙorafi cewa aikin fiɗa da sarrafawa ya bar hannunsu. A nan ina tare da kai rabi. Bambancin da ya rage shi ne tarko ba ya bin kifi zuwa inda yake zuba ƙwai, ba ya ƙona mai yana farauta, kuma wanda ya dasa shi ɗan garin ne.

Injiniya_Tema:
Ƙarin bayani kaɗan ga masu tunanin wannan shi ne tuna da muke saye a gwangwani. Ba shi ba ne. Wanda ake saukewa a tashar Tema a nan Gana ana sa shi a gwangwani ƙananan nau'o'i ne na ruwan zafi, da yawansu ba su wuce 'yan kilo ba, kuma jirage ne ke bin su a tsakiyar teku. Gana da Najeriya duka suna cikin hukumar ICCAT, saboda haka rikicin rabon kaso tsakanin mai babban jirgi da ƙaramin masunci ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Uwar_Sadiƙu_Kabi:
Ni daga Argungu nake, kuma wannan muhawara ta taɓa ni. Bikinmu na kamun kifi ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma muna alfahari da shi. Amma kowa ya san cewa shiga Matan Fada da homa da gora na awa ɗaya a shekara ba shi ne ke ciyar da Basarke ba, kuma an yi shekaru da dama ba a yi bikin ba amma su bai tsaya ba. Abin da nake so in ce shi ne akwai gadon da ake nunawa baƙi, akwai kuma gadon da ake ci da shi, kuma ba lallai ne su zama abu ɗaya ba. A Tunisiya, hanyar charfia ta tsibiran Kerkennah, inda ake kafa shingen ganyen dabino a ruwa marar zurfi ya kai kifi cikin tarko, ta shiga wannan jerin a 2020, kuma ita sana'a ce ta yau da kullum, ko da yake ba tuna ake kamawa da ita ba.

Malam_Tarihi:
Tunda an ambaci Tunisiya, kada a ɗauka wannan sana'a ta Turawa ce kawai. Al-Idrisi, wanda aka haifa a Sabta da ke gabar arewacin Afirka kuma ya rubuta littafinsa na ƙasashe a fadar Sisili a ƙarni na 12, ya ambaci wuraren kamun tuna a gabar tsibirin. A Sidi Daoud ta Tunisiya an daɗe ana kafa tarko, kuma a gabar Atilantika ta Maroko, wajen Larache da Asila da Tanja, har yanzu ana kafawa kowace shekara. A kudancin Fotugal kuwa, tsofaffin tarkunan sun mutu a shekarun 1960 da farkon 1970 lokacin da kifi ya daina zuwa, kuma a bakin tekun Barril kusa da Tavira an jera angoginsu sama da ɗari a kan tudun yashi suna tsatsa. A daidai wannan lokacin ne a Sifaniya aka rushe haɗakar kamfanonin tarko da aka kafa a 1928, ƙauyen masunta na Sancti Petri mai makaranta da coci da gidajen ma'aikata ya zama kufai.

Sadauki_77:
To idan tarko ya mutu a Fotugal tun kafin zamanin keji, ai ke nan ba manyan jirage kaɗai ne matsalarsa ba. Hanya ce mai tsada, mai jiran sa'a, kuma duk shekarar da kifi ya bi ta nesa da gaba an yi asara. Ban ga dalilin da zai sa a ƙwace kaso daga mai ƙaramin kwalekwale da ƙugiya, wanda shi ma ɗan Tarifa ne, a ba kamfani mai tarko ba.

Bakatsine_a_Kadis:
Wannan ƙorafin ana yin sa a nan sosai, kuma masu ƙananan jirage na mashigin suna da hujja, domin kasonsu kaɗan ne ƙwarai alhali kifin ya cika ruwa. Akwai kuma wata sabuwar masifa da ta haɗa su duka. Tun wajen 2015 wata ciyawar ruwa da ta fito daga gabashin Asiya ta mamaye mashigin, tana liƙewa a taru har nauyinta ya yaga shi, tana kuma sa kifi ya ga katangar ya kauce. Na ga ana fitar da ita daga jirgi da cebur, tana wari a bakin tasha.

Dan_Baga:
Ina so in koma kan tambayar Malam Basarke ta farko, domin ni har yanzu ban ji wanda ya amsa ta kai tsaye ba. Idan gobe kamfani ya kawo na'ura mai gaya masa inda zai dasa anga da ranar da zai ɗaga taru, ya sallami shugaban masunta, tarkon yana nan a wurinsa kuma ba ya cutar da teku, shin ku masu kare shi za ku ci gaba da cewa a ba shi kaso da sunan gado, ko da sunan kare kifi kawai?

Malama_Damagaram:
Ni da sunan kare kifi zan ba shi, kuma da wani dalili na biyu. Littattafan lissafin tarkunan Andalus da Sisili da Sardiniya sun adana adadin kifin da aka kama na ɗaruruwan shekaru, kuma masana suna amfani da su da kuma kamun tarkunan yanzu wajen auna ko garken yana ƙaruwa ko yana raguwa, tunda tarko yana tsaye a wuri ɗaya kowace shekara. Amma na san YarKano ba za ta yarda da ni a kan sallamar rais ba.

YarKano_a_Palermo:
Ba zan yarda ba, Malama. Bakatsine, idan ka samu dama a wannan kakar ka tambayar mana a tashar Barbate ko matasan garin suna shiga aikin, kuma shekara nawa mutum yake yi a jirgi kafin a amince masa ya jagoranci dasa tarko.